Lensi mai zamiya a kan adafta: wanne ya dace da mai ɗaukar hoton gine-gine?

Idan ka tsaya gaban dogon gini ka ɗaga bakin kyamara don kan ginin ya shigo, bangwayensa za su matse ta sama, ginin ya fito a hoto kamar ya jingina da baya. Sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ce ta karkace, ta daina fuskantar bangon kai tsaye. Maganin tsoho ne: a bar kyamara a miƙe, a zame lensin sama kaɗan, sai kan ginin ya shigo, filin ƙasa da ba a buƙata ya fita, layuka kuma su tsaya cak. Nikon ce ta fara kawo wannan dabara ga ƙananan kyamarori a farkon shekarun 1960 da PC-Nikkor 35mm, Canon kuma ta biyo baya a 1973 da TS 35mm, wanda ya haɗa zamiya da karkata, wato sunkuyar da lensin don sauya inda fokas ke faɗawa.

Abin da ya rikita lissafi shi ne yawancin masu sana'a sun koma kyamarori marasa madubi, alhali fitattun lensuna masu zamiya an ƙera su ne don tsofaffin bakunan Canon EF da Nikon F. Sony ta shigo da a7 a 2013, Canon RF da Nikon Z suka fito a 2018, amma shekaru bayan haka masu ɗaukar gine-gine da waɗannan kyamarori suka ci gaba da dogaro da adafta. Hakan yana yiwuwa ne saboda tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa: milimita 44 ce a EF, 46.5 a F, amma 18 kacal a Sony E, 20 a RF, 16 a Z. Adafta wannan giɓin take cikewa. Wanda ya tanadi kuɗi yana son shiga harkar, tambayoyi biyu ke gabansa lokaci guda: wane lensi, da kuma me zai zauna tsakaninsa da kyamara.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne iya tsawon ginin da lensin zai ɗauko daga inda za ka iya tsayawa. Wannan lissafi ne mai sauƙi. Sensa mai milimita 36 da 24, idan kyamara tana kwance, rabin tsayinta milimita 12 ne. Ka haɗa wannan da yawan zamiya, ka raba da tsawon lensin, ka ninka da nisanka daga ginin. Lensi mai 24mm ba tare da zamiya ba, daga nisan mita 20, zai ɗauko mita 10 sama da tsayin kyamara. Da zamiyar milimita 12, mita 20. Mai 17mm kuwa zai kai kusan mita 28. Hasumiyar babban masallacin Agadez tana da tsawon mita 27, don haka daga mita 20 mai 17mm zai haɗiye ta, mai 24mm sai ka juya kyamara a tsaye ka ƙara ja baya. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ba ta wuce kusan mita 15 ba, 24mm ya wadatar da ita. Kafin ka kalli farashi, ka tuna wuraren da kake aiki: lungun cikin birnin Kano ko unguwar Birni ta Damagaram ba sa ba ka filin ja da baya irin na titunan Abuja.

Na biyu faɗin da'irar hoton da lensi ke jefawa. Ka ɗauke ta kamar hasken tocila a jikin bango, sensa kuma ƙaramar takarda da ake matsarwa a cikin hasken: muddin ba ta kai gefe ba, lafiya lau. Lensi na yau da kullum da'irarsa kusan milimita 43 ce, daidai sensa, babu rara. Mai zamiya yana buƙatar sama da 60. Gefen da'irar kuma shi ne mafi rauni, wurin da hoto ke dushewa yana yin duhu, kuma a nan ne kan gini ke faɗawa. A ginin gargajiya, wato a nan zankwaye suke.

Na uku yadda ake rufe ƙofar haske. Wannan ne ke yanke hukuncin irin adaftar da za ka saya, kuma mutane da yawa ba sa lura da shi sai sun biya kuɗi. Wasu lensunan da hannu ake murɗa ƙofarsu, kowace adaftar ƙarfe ta ishe su. Wasu kuwa sai kyamara ta aika musu da wuta. Irin waɗannan idan ka ɗora su kan adafta marar waya, ƙofar za ta tsaya a buɗe, kai kuma aikin gini da ƙofa a tsuke, wato a f/8 zuwa f/11, ake yin sa.

Sai ita kanta adaftar, wadda ta fi kowa arha a cikin kayan amma ta fi kowa iya ɓata aiki. Lensi mai faɗin gani ba ya yafe kuskuren kauri. Idan gefe ɗaya na adafta ya fi ɗayan kauri da abin da ido ba zai gani ba, ɓari ɗaya na hoton zai fito garau, ɗayan a dushe. Masu arha sau da yawa ana yin su gajeru da gangan don fokas ya kai nesa, wannan kuma yana taɓa kusurwoyi a lensunan da gilasan cikinsu ke motsi daban-daban lokacin saiti. Ga kuma cikinta: idan ramin ya yi ƙunci zai datse haske in an zame lensi har ƙarshe, idan kuma fentin ciki mai ƙyalli ne, hasken zai yi ta tsalle yana wanke launin hoto. Lensi mai zamiya yana jefa haske fiye da abin da sensa ke ɗauka, rarar kuma a bangon adafta take sauka.

Ragowar ma'aunan su ne farashi, juriya, da sauƙin aiki a fili.

Kada ka sayi komai, ka gyara a manhaja

Dole a fara da wannan, domin shi ne mafi arha. Ka ɗauka da lensi mai faɗi, ka miƙe layuka a Lightroom ko Capture One. Ga hoton da za a sa a Instagram ko tallan gidan haya, yana isa. Asararsa biyu ce a ginin zamani: manhaja tana miƙar da saman hoton, ƙwayoyinsa su yi laushi, sannan gefuna suna yankewa, don haka sai ka bar rara mai yawa tun wajen ɗauka.

A ginin ƙasa akwai ta uku, wadda a ganina ta fi muni. Bangon tubali da gangan ake yin sa mai kaurin gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Hasumiyar Agadez ma haka take, tana tsukewa har sama. Manhaja idan aka bar ta da kanta layuka take nema ta tsayar, sai ta miƙe abin da magini bai taɓa nufin ya miƙe ba. Idan kuma da hannu za ka gyara, babu layi tsayayye ko ɗaya da za ka dogara da shi. Kyamarar da aka daidaita da ma'auninta na ciki, aka zame lensi, ita ce ke ba ka tsukewar ginin ta gaskiya. Mai ɗauka don adana tarihi ko don masu nazarin gine-gine bai kamata ya tsaya a manhaja ba.

Canon TS-E 24mm f/3.5L II da TS-E 17mm f/4L

Dukkansu sun fito a 2009, kowanne yana zamewa milimita 12 ta kowane ɓangare, da'irarsu kusan milimita 67, kuma ana iya juya zamiya daban, karkata daban. Su ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Mai 24mm shi ne dokin aiki: layukansa ba sa lanƙwasa sosai, yana karɓar filta mai milimita 82, kuma yanayin da yake ba gini bai cika wuce gona da iri ba. Mai 17mm na cikin ɗaki ne da matsattsun wurare. Gilashinsa na gaba ya turo waje kamar ƙwallo, babu wurin ɗaura filta, kuma rana ko daga gefe take sai ta bar masa tabo a hoto.

Ƙofar haskensu ta wuta ce, don haka adafta mai waya dole ce. A kan Canon RF babu wata damuwa, adaftar kamfanin ta EF-EOS R ta fito a 2018 a kan kusan dala 100, akwai ma wadda ake zura filta a cikinta, abin da ke warware matsalar mai 17mm. A kan Sony akwai Metabones, kusan dala 400, da Sigma MC-11, kusan dala 250. Ita MC-11 kamfanin lensunansa kawai ya ɗauki alhakinsu, ko da yake mutane suna aiki da ita da na Canon. A kan Nikon Z da Fujifilm GFX akwai na Fringer. Tunda fokas da hannu ake yi, ba ruwanka da saurin adafta, abin da kake nema shi ne ta rufe ƙofar haske kuma ta zauna daram ba ta girgiza.

Sabo kowannensu yana kaiwa wajen dala 2,000, amma sun daɗe a kasuwa, na hannu suna samuwa da sauƙi sosai. Jikinsu ƙarfe ne mai ƙwari, nauyin kowanne kusan giram 800. Rauninsu ƙananan maɓallan kullewa, waɗanda ke lalacewa in ana matse su da ƙarfi. Idan na hannu za ka saya, ka zame shi sama, ka kulle, ka ga ko zai sulale da kansa.

A kan GFX, mai sensa 44 da 33, lissafin da'ira ya nuna zamiyar da za ka samu ba ta wuce milimita 8 zuwa 9 ba kafin kusurwa ta yi baƙi, amma mai 24mm zai ba ka faɗi irin na 19mm. Fujifilm tana da nata, GF 30mm f/5.6 T/S na 2023, a kan kusan dala 4,000.

Nikon PC 19mm f/4E da PC-E 24mm f/3.5D

Mai 19mm, na 2016, lensi ne na gaske, kaifinsa har gefe, kuma faɗinsa ya zauna tsakanin na Canon biyun. Farashinsa lokacin da ya fito kusan dala 3,400. Shi ma ƙofarsa ta wuta ce, kuma inda ya fi zama lafiya shi ne kan Nikon Z da adaftar FTZ. FTZ II, wadda aka cire wa ƙafar da ke ƙasa, ta fi barin wuri ga yatsu. Ɗora shi kan Sony ko wata kyamarar daban kasada ce da ban ga dalilinta ba, tunda adaftocin Nikon masu waya ba su kai na EF yawa da gogewa ba. PC-E 24mm na 2008 ya fi araha, sai dai gefensa bai kai na Canon ba, kuma ba ka iya juya zamiya da karkata daban-daban da kanka. Wanda ba ya cikin gidan Nikon ya wuce kawai.

Laowa 15mm f/4.5 da 20mm f/4 Zero-D Shift

Kamfanin Venus Optics na ƙasar Sin ne ya canza kasuwar da waɗannan, mai 15mm a 2020 a kan dala 1,199, mai 20mm a 2022 a kan dala 1,099. Zamiyarsu milimita 11, da'ira kusan 65, babu karkata, babu waya ko ɗaya. Rashin karkata ba asara ba ce ga mai ɗaukar gini, domin a lensi mai faɗi haka kusan komai yana cikin fokas a f/11, kuma abin da babu shi ba zai goce ba tare da saninka ba. Rashin waya yana nufin hoton ba zai riƙe bayanin ƙofar haske ba.

A nan akwai zaɓi na biyu a ɓoye. Ana sayar da su da bakin E, RF, Z, GFX, da kuma EF da F. Idan ka sayi mai bakin kyamararka, ka huta da adafta gaba ɗaya, mahaɗa ɗaya ta ragu. Idan ka sayi mai bakin EF, adaftar ƙarfe zalla za ta ɗora shi kan kowace marar madubi, ka canza kyamara lensin ya bi ka, kuma masu saye sun fi yawa ran da za ka sayar. Wanda ya tabbatar ba zai bar kyamararsa ba ya ɗauki na farko. Mai haya ko aron kyamarori ya ɗauki na biyu, amma kada ya yi rowa wajen adaftar.

Tsakanin su biyun, mai 20mm na fi ba mutane shawara. Yana karɓar filta ta gaba, kuma 15mm da cikakkiyar zamiya yana ja wa saman gini tsawo har ya zama kamar zai rufto wa mai kallo. Mai 15mm na wurin da babu yadda za a yi ne, kamar ƙaramin zaure, ko ɗaki mai bakan gizo da kake son rufinsa da ƙasansa su shigo tare.

Samyang T-S 24mm f/3.5

Ana kuma sayar da shi da sunan Rokinon. Ƙasa da dala 1,000 ne, yana da zamiyar milimita 12 da karkata, ƙofarsa ta hannu. A buɗe yana da laushi, sai an rufe shi zuwa f/8 ko f/11 yake kama jikinsa, kuma layukansa suna ɗan kumbura. Wannan kumburin yana da wuyar gyara, saboda in an zame lensi tsakiyarsa ba ta kan tsakiyar hoto, manhaja kuma daga tsakiya take lissafi. Maɓallansa ba su da ƙwarin na Canon. Na koyo ne. Idan farashinsa sabo ya kusanci na TS-E 24mm II na hannu, kada ka tsaya tunani.

Zamiyar a jikin adafta

Hanya ta ƙarshe ta juya abin: lensi na yau da kullum, adafta ce ke zamewa. Kipon da Fotodiox suna yin irinsu. Sharaɗin shi ne lensin ya zama an yi shi don fili mafi girma daga sensarka. Lensunan tsofaffin kyamarorin fim na Pentax 645 da Mamiya 645 an ƙera su don milimita 56 da 41.5, da'irarsu kusan 70, kuma tazarar bakinsu mai tsawo ce, 70.87 da 63.3, ga wurin sa na'urar zamiya a wadace. Suna da araha, ƙofarsu ta hannu. Cikas ɗaya ne, kuma babba: mafi faɗin da ake samu cikin sauƙi 35mm ne. Daga mita 20, da zamiyar milimita 10, abin da zai ɗauko bai wuce mita 13 ba. Ga ƙofar fada, zanen dagi a fuskar gida, ko gini da za ka iya hango shi daga tsallaken fili, 35mm ya fi masu faɗin kyawun siffa. Ga cikin ɗaki ba shi da amfani.

Mai ƙaramar sensa irin ta Fujifilm X yana iya yin wannan dabara da lensunan Nikon F masu zoben ƙofar haske. Da'irar milimita 43 tana ba shi rarar kusan milimita 10, sai dai faɗin yana raguwa: 20mm zai koma kamar 30mm.

Laowa Magic Shift Converter dabam yake, domin akwai gilashi a cikinsa da ke faɗaɗa da'ira sau 1.4. An yi shi ne da Laowa 12mm f/2.8 a zuciya, su biyun su ba da 17mm f/4 mai zamiyar milimita 10, shi kansa kuma kusan dala 300 ne. Ga wanda ya riga ya mallaki 12mm ɗin, ciniki ne mai kyau. Sayen su biyun daga farko kuwa ya kusa kuɗin Laowa mai zamiya na asali.

| Zaɓi | Zamiya | Tsawon da yake ɗauka daga mita 20 | Ƙofar haske | Adafta | Farashi sabo |
|---|---|---|---|---|---|
| Canon TS-E 17mm | 12mm | mita 28 | wuta | mai waya | sama da dala 2,000 |
| Canon TS-E 24mm II | 12mm | mita 20 | wuta | mai waya | kusan dala 1,900 |
| Nikon PC 19mm | 12mm | mita 25 | wuta | FTZ | kusan dala 3,400 |
| Laowa 15mm | 11mm | mita 31 | hannu | ƙarfe, ko babu | dala 1,199 |
| Laowa 20mm | 11mm | mita 23 | hannu | ƙarfe, ko babu | dala 1,099 |
| Samyang 24mm | 12mm | mita 20 | hannu | ƙarfe, ko babu | ƙasa da dala 1,000 |
| Laowa 12mm da Magic Shift | 10mm | mita 26 | hannu | shi ne adaftar | dala 300 ban da lensi |
| Lensin 645 mai 35mm | kusan 10mm | mita 13 | hannu | mai zamiya | na hannu ne, mai sauƙi |

Tsawon da ke cikin jadawalin na kyamara a kwance ne, kuma daga tsayin kyamarar ake ƙirga shi.

Ƙura da gwaji

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rufe shi daga ƙura, domin sassan da ke zamewa dole su kasance da tsaga. Lokacin hunturu wannan abin lura ne. Masu turarren gilashi, wato TS-E 17mm, Nikon 19mm da Laowa 15mm, ba su da filtar da za ta tare musu yashi, don haka a hure ƙurar kafin a goge, murfi kuma ya koma da zarar an gama. Adafta ta zauna a jikin lensi dindindin da murfinta na baya, kada a riƙa kwance ta a fili.

Ranar da adafta ta iso, ka gwada ta kafin lokacin mayarwa ya wuce. Ka kafa kyamara kan ƙafa-uku gaban bangon bulo, ka daidaita ta, ka ɗauka ba zamiya a buɗe, ka duba kusurwoyi huɗu ko kaifinsu ɗaya ne. Sannan ka zame har ƙarshe sama, ƙasa, hagu da dama a f/11. Idan ɓari ɗaya ne kullum a dushe, ko inuwa mai kaifin baki ta bayyana a gefe, ka fara zargin adaftar kafin lensin.

Wa ya dace da wanne

Mai aiki da kamfanonin gine-gine da otal-otal, wanda hoton waje ya fi yawa a aikinsa, ya nemi TS-E 24mm II na hannu mai lafiya da adafta mai suna. Idan aikin ya bunƙasa, 17mm ya biyo baya don cikin ɗakuna. Mai Canon RF ma ba shi da dalilin duba wani wuri.

Mai Sony ko Nikon Z da ke son lensi guda ya yi masa waje da ciki, kuma ba ya son dogaro da wayoyin adafta, Laowa 20mm mai bakin kyamararsa ya fi masa. Idan kuɗi ba matsala ba ne kuma Nikon ce a hannunsa, PC 19mm da FTZ II.

Mai ɗaukar tsofaffin gine-ginen ƙasa a cikin lungu, da zaurukan da ba su da faɗi, yana buƙatar 17mm ko 15mm, ya kuma haɗa da lensin 645 mai 35mm kan adafta mai zamiya don zane-zanen bango da ƙofofi. Ɗalibi ko mai gwada sana'ar ya fara da Samyang na hannu, ko adafta mai zamiya idan ƙaramar sensa gare shi. Wanda hotunansa ba sa wuce allon waya ya sa kuɗin a ƙafa-uku mai ƙarfi, ya ɗauka da rara, ya gyara a manhaja.